Yadda ake haɗa bidiyon waƙa da wayar hannu a kuma yaɗa shi a intanet

Lokacin da tashar talabijin ta bidiyon waƙoƙi, MTV, ta fara watsa shirye-shirye a Amurka ranar 1 ga Agusta, 1981, bidiyon waƙa harka ce ta manyan kamfanonin faifai, domin su ne ke da kyamarori masu tsada da ɗakunan tace hoto, su ne kuma ke da hanyar shigar da aikinsu gidajen talabijin. Mawaƙin da ba shi da kamfani a bayansa, komai zaƙin muryarsa, ba shi da inda zai kai hotonsa duniya ta gani. Al'amarin ya fara sauyawa a 2005 da aka buɗe YouTube, wanda Google ya saya a 2006, sannan wayoyin hannu suka zo da kyamarori masu inganci, daga bisani kuma dandalin gajerun bidiyo suka bunƙasa: TikTok ya haɗe da Musical.ly a 2018, Instagram ya fito da Reels a 2020. A yau abubuwa uku da a da suke hannun kamfani, wato ɗauka da tacewa da watsawa, duk suna iya taruwa a cikin waya ɗaya.

Sai dai samun kayan aiki daban, iya aikin daban. Da yawa daga cikin bidiyon da ke ɓacewa ba a kalle su ba, rashin tsari ne ya kashe su: an fara ɗaukar hoto kafin a gama waƙa, ko an hau kiɗan wani ba tare da izini ba, ko bakin mawaƙi yana gefe muryarsa tana gefe. Abin da wannan jagora ta tsayu a kansa shi ne, a bidiyon waƙa sauti ne ke gaba, hoto yana biye da shi. Shi ya sa matakan suka zo a jeren da suka zo, kuma wanda ya tsallake biyun farko zai dawo ya biya bashinsu daga baya.

Mataki na 1: Ka kammala waƙar tukuna

Kada a ɗaga kyamara sai waƙa ta gama fitowa daga gyara, ta yadda babu sauran baiti da za a ƙara ko kiɗa da za a sauya. Dalili kuwa shi ne duk hoton da za a ɗauka a kan tsawon waƙar da saurinta za a ɗauke shi. Idan bayan an ɗauka aka rage amshi guda ko aka ƙara wa kiɗan sauri ko da kaɗan ne, motsin bakin mawaƙi ba zai ƙara dacewa da murya ba, kuma babu manhajar da za ta gyara wannan yadda ya kamata.

Wanda yake da halin zuwa situdiyo ya je, domin a nan ne kuɗi ya fi yin amfani a duk aikin. Wanda ba shi da hali yana iya naɗar murya a gida da manhajoji na kyauta irin su Audacity a kwamfuta ko BandLab a waya. Ya nemi ƙaramin ɗaki mai labule da katifa da tufafi, saboda abubuwa masu laushi suna shanye amsa-kuwwa, bango tsirara kuwa yana dawo da murya cikin makirufo. Ya kashe fanka da duk abin da ke ƙara, ya bar tazarar kimanin taƙi guda tsakanin bakinsa da makirufo, ya kuma saurari kiɗan ta abin sawa a kunne don kada ya zubo cikin muryar. A riƙa lura da ma'aunin sauti kada ya taɓa ja, domin muryar da ta tsage wajen naɗa ba ta ɗinkuwa.

Idan an gama, a fitar da waƙar a tsarin WAV, a kan 48 kHz, wanda shi ne ma'aunin da aikin bidiyo ya saba da shi. Tsarin MP3 yana zubar da wani sashe na sauti don fayil ya ƙanƙance, kuma dandalin da za a ɗora bidiyon zai sake matse shi, don haka gara a ba shi mafi tsabta tun farko. Babu kuma amfanin matsa wa waƙa ƙara fiye da kima, tunda YouTube da Spotify suna rage ƙarar waƙoƙin da suka wuce kusan -14 LUFS (ma'aunin ƙarfin sauti), sai waƙar ta yi asarar armashinta ba ta kuma fi sauran ƙara ba. Daga ƙarshe a yi kwafi na biyu na musamman don ranar ɗauka, a sa masa bugu huɗu masu kaifi kafin waƙar ta fara. Amfaninsu zai bayyana a wajen tacewa.

Mataki na 2: Ka tabbatar da haƙƙin mallaka kafin ka kashe ko sisi

Wannan shi ne matakin da masu farawa suka fi raina wa, kuma shi ne wanda a ganina ya fi cancantar a zauna a fahimce shi. Kowace waƙa da aka naɗa tana ɗauke da haƙƙi iri biyu. Akwai haƙƙin ƙirƙira, wato kalmomi da karin waƙa, wanda yake na marubuci da mai tsara kiɗa. Akwai kuma haƙƙin naɗi, wato wannan sautin da aka naɗa a wannan karon, wanda yake na wanda ya naɗa ko ya ɗauki nauyin naɗawar. A ƙarƙashin Yarjejeniyar Berne ta 1886, wadda mafi yawan ƙasashen duniya suka amince da ita, haƙƙi yana tabbata ne da zarar an samar da aikin, ba sai an yi rajista ba. Ma'ana, kiɗan da ka tsinta a intanet yana da mai shi ko da babu wata alama a jikinsa. Haka nan tsohuwar waƙar da ta daɗe har karinta ya zama na kowa, naɗin da wani ya yi mata kwanan nan har yanzu nasa ne.

Idan ka sayi kiɗa a hannun furodusa, ka tambayi abin da ka saya. Wani haya ce kawai, wadda ke ba shi damar sayar wa wasu wannan kiɗan, kuma sau da yawa tana da iyaka a kan yawan kallo ko a kan yin bidiyo. Wani kuma mallaka ce gaba ɗaya. Kowanne ne, a rubuta shi, a sa hannu, a kuma rubuta kason kowa idan kuɗi ya shigo: marubuci da mawaƙi da mai kiɗa da mai ɗaukar hoto. Irin wannan magana tana da sauƙin yi kafin waƙa ta karɓu, bayan ta karɓu kuwa ita ce ke raba abokai.

Tun 2007 YouTube yake amfani da tsarin Content ID, wanda ke gwada sautin duk bidiyon da aka ɗora da tarin waƙoƙin da masu haƙƙi suka ajiye. Idan ya sami daidaito, mai haƙƙin yana da zaɓi: ya toshe bidiyon, ko ya bar shi ya karɓi kuɗin tallar da ke kansa, ko ya riƙa bibiyar alƙalumansa kawai. Wannan da'awa ce, ba ta kashe tasha. Abin da ke kashe tasha shi ne gargaɗin keta haƙƙi, wanda ke zuwa idan mai haƙƙi ya nemi a sauke bidiyo a hukumance. Idan uku suka taru a kan tasha ana iya rufe ta da duk abin da ke cikinta. Rubuta cewa kiɗan ba naka ba ne a ƙasan bidiyo ba ya zama izini, haka ma ɗaukar sakan kaɗan. Kayan aro ba ya rufe katara. Wanda yake neman kiɗa na kyauta ya duba waɗanda ke da lasisin Creative Commons, ya kuma karanta sharaɗin, domin wasu suna buƙatar a ambaci sunan mai su, wasu kuma sun hana amfani da su a harkar neman kuɗi.

Haƙƙi bai tsaya a sauti ba. Duk wanda fuskarsa za ta fito sosai a bidiyon a nemi yardarsa, zai fi kyau a rubuce, idan yaro ne kuma a nemi ta iyayensa. Wurin da yake mallakar wani a nemi izinin mai shi kafin ranar ɗauka.

Mataki na 3: Ka tsara hoton a takarda

Bidiyon waƙa kan zo ta ɗaya daga cikin fuskoki uku, ko a cakuɗa su: wanda ake ganin mawaƙi yana rerawa, da wanda ake ba da labari, da wanda kalmomin waƙa kawai ke tafiya a kan hoto. Mai farawa ya ɗauki na farko ya zama ginshiƙi, ya ƙawata shi da ɗan labari idan waƙar ta buƙata. Labari mai 'yan wasa da yawa yana cin lokaci, kuma idan wasan bai yi kyau ba yana jan waƙar ƙasa.

A rubuta kalmomin waƙar baiti-baiti, a gefen kowanne a sa lokacin da ya fara da lokacin da ya ƙare, a gaba kuma a rubuta abin da ake so ido ya gani a wannan gaɓa. Wurare biyu ko uku da aka zaɓa da kyau sun ishi waƙar minti uku ko huɗu. A je a duba kowane wuri a daidai sa'ar da za a yi ɗauka, don a ga inda rana take faɗowa.

A nan ne kuma za a yanke shawarar siffar hoton. Cikakken bidiyo na YouTube a kwance yake, a ma'aunin 16:9, yayin da TikTok da Reels da Shorts (gajerun bidiyon YouTube) suke a tsaye, a ma'aunin 9:16. Wanda wayarsa ke ɗaukar 4K yana iya ɗauka a kwance ya ajiye mawaƙi a tsakiya, daga baya ya yanko na tsaye daga ciki, domin tsayin hoton 4K ɗigo 2160 ne, ya kuma ishi bidiyon tsaye mai 1080 da 1920. Wanda wayarsa ba ta kai haka ba ya ware lokaci ya sake ɗaukar amshin a tsaye.

Mataki na 4: Ka shirya waya da haske

A goge gilashin kyamara da kyalle mai laushi, a share wa waya wuri, a cika mata caji, a tanadi abin ƙara caji, a kuma sa ta a yanayin jirgin sama don kada kira ya katse ɗauka. A yi amfani da kyamarar baya, wadda galibi ta fi ta gaba inganci. Kada a jawo hoto da yatsu, domin a mafi yawan wayoyi hakan yankan hoto ne kawai yana rage masa kaifi. Idan ana son kusanci, mai ɗauka ya matsa da ƙafarsa. A girke wayar a kan abin riƙe ta mai ƙafa uku, in babu kuma a riƙe ta da hannu biyu, gwiwar hannu a manne da ƙirji.

Batun yawan hotuna a sakan yana buƙatar kulawa. A ƙasashen da wutar lantarkinsu ke kan 50 Hz, wato take kai-komo sau 50 a sakan, ɗauka a kan hotuna 25 a sakan yana rage walƙiyar da fitilu ke yi a bidiyo, inda kuma wuta ke kan 60 Hz, 30 ya fi dacewa. Abin da ya fi muhimmanci shi ne duk wayoyin da za a yi aiki da su su kasance a kan lamba ɗaya. Manhajoji na kyauta irin su Blackmagic Camera da Open Camera suna ba da damar zaɓar wannan da hannu. A kuma kulle haske da saitin kaifin hoto a kan fuskar mawaƙi, in ba haka ba wayar za ta riƙa sauya su da kanta duk sanda ya motsa, hoton ya riƙa haske yana duhu.

Haske ya fi kyamara tasiri. Idon kyamarar waya ƙarami ne, a cikin duhu hotonsa yakan cika da ɗigo-ɗigo, don haka ɗaukar dare ba ta mai farawa ba ce sai da fitilu masu ƙarfi. Hantsi da la'asar sakaliya su ne lokutan da haske ke zuwa a karkace yana da taushi. Rana tsaka tana jefa inuwa a ramin ido da ƙarƙashin hanci, idan kuwa dole ne a yi aiki a lokacin, a shiga inuwa. A cikin ɗaki a tsayar da mawaƙi yana fuskantar taga ko taga tana gefensa, kada ta kasance a bayansa, sannan wani ya riƙe farin kwali a ɗaya gefen don ya mayar da haske kan kumatun da ke cikin inuwa. Wannan kwalin yana da matuƙar amfani ga mai duhun fata, wanda waya kan bar fuskarsa ta nutse idan bayansa ya fi shi haske.

Mataki na 5: Ranar ɗauka

Yadda ake yi shi ne a kunna waƙar a lasifika, mawaƙi yana bin ta, abin da masu sana'ar ke kira mamin. Shawarar da zan fi jaddadawa ita ce mawaƙi ya rera da gaske, da muryarsa a buɗe. Wanda ke motsa leɓe kawai ana gane shi nan take, domin jijiyar wuyansa ba ta tashi, ƙirjinsa ba ya ɗagawa a inda ya kamata ya ja numfashi, idonsa kuma ba ya ɗauke da abin da bakinsa ke faɗa. Ya haddace waƙar sarai, har da wuraren da ya ja wasali ko ya haɗiye harafi a situdiyo.

A ajiye lasifika kusa da mawaƙi, a ɓoye ta daga kyamara. Sauti yana tafiyar kimanin mita 343 a sakan, saboda haka tazarar mita 14 kaɗai tana jinkirta shi da kusan tsawon hoto ɗaya a bidiyo mai hotuna 25 a sakan, idan tazarar ta fi haka kuma ido zai fara kama saɓanin. A bar makirufon waya a buɗe ya naɗi abin da lasifika ke fitarwa. Ba za a yi amfani da wannan sautin a ƙarshe ba, amma shi ne zai nuna wa mai tacewa inda kowane hoto zai zauna.

A kowane wuri a ɗauki waƙar daga farko har ƙarshe ba tare da tsayawa ba, aƙalla sau uku: daga nesa inda ake ganin mutum da wurin, daga ƙugu zuwa sama, sannan fuska kaɗai. Wannan yana gajiyarwa, amma shi ke tabbatar da cewa babu sakan ɗaya a waƙar da ba shi da hoton da zai rufe shi. Bayan haka a ɗauki ƙananan hotuna na cike gurbi, kamar yatsu a kan abin kiɗa, ƙafa tana bin bugu, iska tana kaɗa tufa, ko mawaƙi yana tafiya bai kalli kyamara ba. Da su ake rufe wurin da baki ya kuskure.

Akwai wata dabara ga mai son hoto mai tafiya a hankali alhali baki yana daidai da murya. A shirya kwafin waƙar da aka ninka saurinsa sau biyu, a ɗauki hoto a kan 50 a sakan mawaƙi yana bin wannan saurin, sannan a wajen tacewa a rage saurin hoton zuwa rabi. Baki zai koma daidai da waƙar ta asali, tufa da gashi kuwa su riƙa shawagi. Ta fi sauƙi a amshi mai kalmomi kaɗan, kuma sau ɗaya ko biyu ta isa a bidiyo guda.

Kafin a bar kowane wuri a duba abin da aka ɗauka, a ƙara girman hoton a ga ko fuska ta fito da kaifi. Da an koma gida a kwafe komai zuwa wuri na biyu.

Mataki na 6: Tacewa

A waya ana iya aiki da CapCut ko iMovie, a kwamfuta kuma akwai DaVinci Resolve mai nau'i na kyauta, da Shotcut da Kdenlive. Kowacce aka zaɓa, abu na farko shi ne a shimfiɗa fayil ɗin WAV na asali a layin sauti a kulle shi, kada ya ƙara motsawa. Daga nan a jera cikakkun ɗaukan nan ɗaya a saman ɗaya, a daidaita kowanne ta hanyar haɗa zanen sautinsa da na waƙar. A nan ne bugu huɗun da aka sa a farko suke aiki, domin suna fitowa a zanen sauti a matsayin tsini huɗu da ido ke gani ba wahala. Da yake fayil ɗin asali ba shi da waɗannan bugun, ana iya amfani da kwafin ranar ɗauka wajen daidaitawa, sai a yanke su daga baya. Don tabbatarwa, a nemi kalma mai harafin b ko m, inda leɓɓa ke haɗuwa, a tafi hoto-hoto a ga ko rufewar baki ta zo daidai da fitar harafin. Idan komai ya zauna, a kashe sautin da waya ta naɗa.

Wani lokaci hoto yakan fara daidai, amma kafin ƙarshen waƙa ya zame. Sababin galibi shi ne wayoyi suna sauya yawan hotuna a sakan yayin ɗauka. Maganinsa shi ne a bi da fayil ɗin ta manhajar HandBrake, wadda kyauta ce, a mayar da shi kan lamba tsayayya kafin a fara tacewa.

Yanka hoto yana bin bugun kiɗa. A saurari waƙar a sa alama a kan manyan bugu. Waƙar da ke da bugu 120 a minti, alal misali, tana da bugu ɗaya a kowane rabin sakan. Amma yanka a kan kowane bugu yana gajiyar da ido. Inda baiti yake ɗauke da magana mai nauyi a bar fuska ta daɗe, mai kallo ya ji abin da ake faɗa, inda amshi ya tashi kuma a ƙara saurin yanka. Kada a buɗe bidiyo da dogon jerin sunaye da tambari, domin mai kallo a intanet yana yanke shawarar tsayawa ko wucewa tun a sakannin farko. Sunayen masu aiki wurinsu ƙarshe ne da ƙasan bidiyo. Wajen launi, a fara da daidaita hotunan su yi kama da juna, musamman launin fata, kafin a yi tunanin ƙawa. Ƙyale-ƙyalen da manhajoji ke bayarwa a yi amfani da su da tsantseni, kuma a kiyayi shirye-shiryen da suke zuwa da nasu kiɗan, domin lasisinsa ba lallai ya bi bidiyon zuwa wani dandali ba.

Mataki na 7: Fitar da fayil

A fitar da bidiyon a tsarin MP4 mai H.264, sautinsa AAC, a kan yawan hotunan da aka ɗauka da shi. Ga bidiyo mai 1080 a kan hotuna 24 zuwa 30 a sakan, YouTube yana ba da shawarar nauyin fayil na megabit 8 a kowane sakan, wanda ke nufin waƙar minti huɗu za ta kai kimanin megabait 240, lissafin da zai taimaka wajen tanadin data. A kalli fayil ɗin daga farko har ƙarshe, sau ɗaya da abin sawa a kunne, sau ɗaya da lasifikar waya. Idan za a tura wa abokin aiki ta WhatsApp a tura shi a matsayin fayil ɗin takarda, domin turawa ta hanyar bidiyo tana matse shi, kuma kada a taɓa ɗora kwafin da aka matse.

Mataki na 8: Ɗorawa

A fara da tabbatar da tasha da lambar waya, wanda ke buɗe damar sa hoton bango na musamman, wato hoton da ake gani kafin a danna bidiyo, a kuma kunna tsaro mai mataki biyu don kada a sace tashar. A ɗora bidiyon a ɓoye tukuna. Wannan yana ba YouTube lokacin gama sarrafa shi, tunda yakan fara fitowa da ƙaramin inganci kafin mai kyau ya biyo baya, yana kuma ba da damar ganin ko akwai da'awar haƙƙi kafin jama'a su gani.

Taken bidiyo ba ya wuce haruffa 100, kuma abin da ake buƙata shi ne sunan mawaƙi da sunan waƙa, a rubuce yadda mai nema zai rubuta su. A ƙasan bidiyo a sa sunayen duk waɗanda suka yi aiki, da kalmomin waƙar gaba ɗaya, domin mutane da yawa layi guda suke tunawa su nema da shi. Hoton bango ya kasance mai 1280 da 720, fuska a fili, rubutu kaɗan, a kuma gwada kallonsa a ƙanƙance kamar yadda zai fito a waya. Yana da kyau a ƙara rubutun kalmomi mai bin murya ta fayil ɗin SRT, har da fassara zuwa wani harshe idan da hali, domin ta haka waƙa ke tsallaka iyakar harshenta. A amsa tambayar ko bidiyon na yara ne da gaskiya, haka ma idan an yi amfani da ƙirƙirarriyar basira wajen samar da murya ko hoton da ke kama da na gaske, dokar dandalin ta buƙaci a bayyana.

Mataki na 9: Yaɗawa da bibiya

Cikakken bidiyo ya zauna a wuri ɗaya, a riƙa tura mahaɗinsa maimakon fayil ɗin, don kallon ya taru a inda ake ƙirga shi. Daga cikinsa a yanko gajeru na sakan 15 zuwa 30, galibi daga amshi, a ɗora kowanne kai tsaye a TikTok da Reels da Shorts, ba tare da tambarin wani dandali a jikinsa ba. Don waƙar ta shiga Spotify da Apple Music da rumbun sautin TikTok da Instagram, ana bi ta kamfanonin rarrabawa irin su DistroKid da TuneCore da CD Baby, waɗanda ke ba naɗin lambar shaida ta ISRC mai haruffa da lambobi 12. Wannan yana da muhimmanci, domin babbar hanyar da waƙa ke yaɗuwa a yau ita ce wasu mutane su ɗauki sautinta su yi nasu bidiyon, kuma idan sautin yana rumbun da sunanka, kowane ɗayan waɗannan bidiyo yana nuna hanyar komawa gare ka.

Kada a sayi kallo ko mabiya. Dandalin suna goge na bogi, suna iya hukunta tasha, kuma alƙaluman da aka saya suna ɓata wa mai tasha ma'aunin da zai gane masu sauraronsa na gaske. Game da kuɗin talla, YouTube yana buƙatar mabiya 1,000 tare da sa'o'in kallo 4,000 a cikin watanni 12, ko kallon Shorts miliyan 10 a cikin kwanaki 90, sannan yana ba mai tasha kashi 55 cikin 100 na kuɗin tallar dogayen bidiyo. Sa'o'i 4,000 daidai suke da a kalli waƙar minti huɗu har ƙarshe sau 60,000, abin da ke nuna cewa bidiyo na farko da wuya ya biya kuɗin da aka kashe masa, kuma bai kamata a ci bashi a kansa ba.

Bayan mako guda ko biyu a buɗe YouTube Studio, wato shafin kula da tasha, a duba zanen da ke nuna inda masu kallo suka tsaya da inda suka fice. Idan layin ya faɗi warwas a sakannin farko, gabatarwar ta yi tsawo ko hoton bango ya yi alƙawarin abin da bidiyon bai cika ba. Idan ya yi tudu a wata gaɓa, mutane suna komawa su sake kallonta, kuma daga nan ya kamata a yanko gajeren bidiyo na gaba. A rubuta waɗannan abubuwa a ajiye tare da takardar tsarin hoto. Ɗanyen hotunan da fayil ɗin WAV da takardun yarjejeniya kuma a adana su a wurare biyu daban-daban, domin su ne hujjar mallaka idan wani ya yi da'awar ƙarya a kan waƙar, kuma daga cikinsu ake sake fitar da bidiyon idan aka buƙaci wata siffa ta daban.